Kujerar da Ta Ci Yatsan Haliru

Duk wanda ya gaisa da Haliru kafinta a Tambuwal sai ya ji hannun bai cika ba. Yatsunsa na dama huɗu ne. Kowa zato yake zarto ne ya ci na biyar ɗin, alhali kujerar makaranta ce.

Yana aji biyu abin ya faru. A ajinsu akwai wasu tsofaffin tebura haɗe da mazauni, irin waɗanda aka ce an ƙirƙiro tun Bature bai tako ƙasar nan ba. Yaro na miƙewa sai mazaunin ya naɗe da kansa, ƙwas! Mai wannan dabara, ko wane ne shi, bai san yaran da suka tashi a kan tabarma ba, waɗanda ba sa miƙewa sai sun dafa. Haliru ya dafa daidai mahaɗar mazaunin, ta datse masa yatsa. A ranar mahaifinsa ya cire shi daga boko, bai sake komawa ba.

Bayan shekara arba'in sai ga Malama Safiyyatu a shagonsa, shugabar wata makarantar 'ya'yan makiyaya da ke bayan Kebbe. Makarantarta bin shanu take yi, don haka kujeru masu naɗewa take so, waɗanda jaki zai iya ɗauka.

"Malama, nemi wani," in ji shi. "Ni na san ɓarnar kujerar ga."

"Don haka niz zo gare ka, Baba. Da ƙyar iyayen sunka ba ni ɗiyansu. Yaro guda ya ji ciwo, gobe ba ni ganin kowa."

Ya karɓi aikin, tun daga ranar kuwa tuwo ya daina yi masa daɗi. Ya yayyanka tsohuwar taya ya kafa a kowace mahaɗa, don a sami rata. Sai ya cusa karan dawa a wurin a madadin yatsa, ya saki mazaunin da ƙarfi. In karan ya fito da ko ɗan tabo ne, ya kwance kujerar ya sake. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai Haliru ya bar katako ya koma sassaƙar kara.

Kujeru ashirin suka tafi a kan babura. Suna ɓacewa sai ya tuna: hanyar nan mai ramuka ai ƙusa ma zazzago ta take yi, balle guntun taya. Washegari ya ɗaure karansa a bayan babur ya bi su.

Ya makara. Ya tarar da yaran zaune a kan kujerun a inuwar rumfa, kuma kafin ya buɗe baki Malama ta ce, "Ku tashi ku gai da baƙo!"

Kujeru ashirin suka naɗe lokaci guda. Wata ƙaramar yarinya, Anisa, ta ƙwalla ƙara.

Haliru bai san sanda ya watsar da karan ba. Ya durƙusa ya zaro hannunta daga mahaɗar, ya shiga ƙirga yatsun da ƙarfi: "Ɗaya, biyu, ukku, fuɗu... biyat." Ko ƙwarzane babu. Tayar ta riƙe, tsoro ne kawai ya sa ta ihu.

Yarinyar ta share hawaye, ta ƙura wa hannunsa ido. "Baba, ina naka guda?"

"Makaranta nib bar shi, ɗiyata," in ji Haliru. Ya sauke mata mazaunin da kansa. "Ke dai zamna ki yi karatunki."