Ziyarar da Na Hana Mahaifina

Akwai abin da na yi wa mahaifina wanda ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Zan faɗe shi bi da bi, yadda ya faru.

Da farko tari ne ya kama shi, aka ce sanyin damina. Daga baya jini ya biyo, sai na ɗauke shi daga Bagudo zuwa asibiti a Sakkwato. Likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya bazu. Ya ce hanya biyu ce. Ko a riƙa ɗaura masa maganin dajin ta jijiya, wanda ƙila ya ƙara masa ɗan lokaci amma zai kayar da tsoho kamarsa, ko a ba shi maganin rage zafi da sauƙaƙa numfashi ya koma gida. Warkewa dai babu. Ya ce a bar mai jikin ya zaɓa.

Na ce masa a wurinmu ba a faɗa wa dattijo irin wannan magana. Ni ne babban ɗa, na zaɓi ta farko.

A mota Baba ya tambaye ni, “Mi likita yac ce?”

“Ciwon ƙirji ne, Baba, za ka warke.”

Sai ya ce in kai shi ƙetare ranar kasuwar Lolo, garin bakin iyaka. Yana da ƙane a ƙasar Benin, sun yi shekaru ba sa magana saboda gonar gado, kuma Baba ne mai laifi. Jikin ƙanen ya shanye, ba ya tashi. Na ce a kira shi a waya.

“Ba a roƙon gafara ta waya. Da ƙafa akan tafi.”

Na tsara masa yadda na saba tsara komai: a gama magani, ƙarfi ya dawo, sannan tafiya. A lokacin yana iya zama a kan babur. Bayan ɗaurin magani na biyu, ko buta ba ya iya ɗagawa.

Wata safiya ina gyara masa matashi ya riƙe hannuna. “Na ga fuskar likita ran nan,” in ji shi. “Na yi shiru ne don kar in ƙaryata ka gaban mutane.” Na kasa ɗaga kai. Kwana tara ya ƙara a duniya.

Bayan sadakar bakwai na ƙetara da saƙonsa na neman gafara. Baffana ya saurara har na gama, ya ce, “Na yafe mai tun da daɗewa. Muryatai nika son ji, ɗana, ba taka ba.”

Na ɗauka tausayi ne ya sa na ɓoye wa Baba, ashe tsorona ne. Kwanakin da suka rage wa mara lafiya nasa ne. A faɗa masa gaskiya cikin ladabi, sannan a tambaye shi abin da yake so ya yi da su.