Askar da Take Tsayawa

Ranar da Akawu ya fara shiga shagon yayana, yayyafi ake yi tun hantsi, irin wanda ba ya ɗaukewa. Fakewa ya shigo yi, sai ya ga kujera ba kowa, ya ce a rage masa suma. Ni ina gefe da keken ɗinkina, don shago ɗaya muka raba da labule.

A lokacin ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, yana yawo gari-gari yana gaya wa mutane ƙasar nan za ta iya riƙe kanta ba sai da Turawa ba. Yaya kuwa bai yi boko ba, aski kawai ya sani. Akawu ya zauna yana bitar jawabin da zai yi a bakin kasuwa, a fili. Da ya kawo wata kalma mai nauyi, sai Yaya ya tsayar da aska. Ya ce bai gane ba ne, kuma in kansa ya tsaya hannunsa ba ya tafiya. Akawu ya yi dariya, ya sauya kalmar, aska ta ci gaba.

Shekara tara suna haka. Duk jawabinsa sai ya fara bi ta wannan kujera.

Akawu yakan ce, "Yaya, da rabin kai zan je taron?"

"Ranka ya daɗe, kai ma rabin magana ka ba ni."

Da aka sami 'yanci aka zaɓe shi shugaba, ya koma babban birni, aka ɗaukar masa masu rubuta jawabi. Mu sai dai rediyo. Muryar tana nan, amma kalmomin sun yi mana nisa. In ana sa jawabinsa, Yaya yana cikin aski sai ya tsaya, mai kai yana ta mita. A bakin kasuwa ma aka fara cewa mutumin ya daina magana da mu. Wannan ya hana Yaya sukuni. Ya ce ba wanda zai gaya masa in ba shi ba, kuma in ba a gaya masa ba jama'a za su sake shi.

Ya naɗe askarsa a tsumma ya hau jirgi. Kwana huɗu yana zaune a ƙofar gidan gwamnati kafin aka shigar da shi. Ya ce mini Shugaba ya rungume shi, ya tambayi Inna, har da ni da kekena. Shugaba ya rame, furfura ta fito. Ya zauna a yi masa aski, Yaya ya shirya maganarsa tsaf, amma kafin ya gama gefe ɗaya barci ya kwashe mutumin a kujera. Yaya ya ƙarasa a hankali. Bai iya tashinsa ba. Wani mai kwat ya rako shi waje.

Bayan shekara biyu Shugaba ya faɗi zaɓe. Ciwo ya biyo baya, ya rasu a asibitin wata ƙasa. Har yau Yaya yakan ce da ma ya taɓa kafaɗarsa kawai ya tashe shi ran nan.

Yanzu Yaya yana gidan babbar 'yarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Idonsa ya tafi, ya bar aski. Ina zuwa wurinsa duk bayan kwana biyu.