Bokiti Uku da Akuya Guda

Shekara goma sha tara Mai Bokiti ya yi yana tsayuwa a ƙofar filin unguwa duk ranar da aka yi taro, kuma ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Bayan ya bar sharar makaranta ne ya lura da yadda filin yake wayar gari in an watse, ƙudaje a sama, karnuka a ƙasa. Sai ya samo bokiti uku ya jera a bakin ƙofa: na farko na ragowar abinci, na biyu na kwalabe da gwangwani, na uku na leda da takarda. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Ƙa'idarsa guda ce, wato kada abinci ya haɗu da leda. Duk wanda ya ƙoshi sai ya miƙa masa faranti hannu da hannu, shi kuma ya kankare shi da cokalin katako cikin bokitin farko. Kwalabe na mai sayen tsofaffin kaya ne, leda ta motar shara ce. Abincin kuwa yakan shanya shi a kan buhu, ya riƙa ba Gimbiya kaɗan-kaɗan. Gimbiya akuya ce, jikar wadda marigayiya matarsa ta yi kiwo, kuma ita kaɗai ta rage daga wannan zuri'a. A shekarar da muke magana tana da tsohon ciki.

A wannan shekarar ce aka zaɓi ɗan ƙanensa sakataren kwamitin taron shekara. Ana saura kwana uku ya zo gida, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, bana mun sauya tsari. Baƙi za su zo daga nesa, kuma ba zai yi kyau a ga wan mahaifina yana karɓar farantin mutane ba."

"To, Sakatare, wa zai raba sharar?"

"Babu rabawa, Baba. Mun sayo manyan baƙaƙen ledoji, kowa ya jefa nasa. Abincin ma a farar leda za a ƙulla shi, ba faranti, ba wanke-wanke. Kai dai ka sa sabuwar riga ka zauna a layin gaba."

"Layin gaba! Ni da na shekara talatin a makaranta ina jin karatu ta taga?"

Suka yi dariya, amma dariyar tsohon ba ta kai ciki ba.

Ran taro ya zauna inda aka ajiye shi, hannuwansa a kan gwiwa, ya rasa yadda zai yi da su. Yana kallo mutane suna yaga leda da haƙori, su ci rabin shinkafa, su jefa sauran tare da ƙullin. Kafin faɗuwar rana fili ya yi tas, baƙi suna ta yaba wa kwamiti, an jibge ledoji goma sha ɗaya a bayan katanga.

Washegari da safe ya ɗauki bokitin farko. Autarsa, wadda take zaune tare da shi, ta tare shi a ƙofa.

"Baba, ka bar shi. Dusa ta ishi Gimbiya."

"Mai ciki ce, Auta. In zuba ido a kwashe abincin wata guda a kai juji?"

"Idon naka fa? Jiya gishiri ka zuba a shayi."

"Da hannu nake aiki, ba da ido ba, uwar iyayi."

Ya isa kafin motar shara, ya kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, yana lalube yana tsamowa. A nan ya yi kuskure. Ya amince da hannun da ya yi shekara goma sha tara yana wannan aiki, ya manta cewa hannun bai taɓa raba abin da ya riga ya cakuɗe ba. Farar leda in ta sha mai takan yi laushi kamar ɓawon albasa, ta manne da shinkafa. Yatsu ba su jin ta, idonsa da ya yi hazo kuwa bai gan ta ba. Ya shanya, ya riƙa ba Gimbiya safe da yamma, tana ci har da lasar bokiti.

Bayan mako biyu ta daina tuƙa. Cikinta ya yi tauri, ta kwanta a gindin turke ta ƙi tashi. Likitan dabbobi ya zo ya danna ta nan ya danna ta can, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Baba, sai haƙuri. A kira mahauci tun da sauran numfashi."

Da mahauci ya buɗe tumbinta, sai ya zaro leda a murɗe kamar igiya, dunƙulen ya kai girman kan jariri. Ya kuma ciro 'ya'ya biyu, har sun yi gashi. Mai Bokiti ya ce a raba naman ga maƙwabta, shi bai taɓa ko tsoka ba.

Da yamma Sakatare ya zo, ya durƙusa a inda ya durƙusa a da, ya daɗe bai ɗaga kai ba.

"Baba, laifina ne. Hutu na so in ba ka."

"Na sani, ɗana. Ai ba kai ka zuba mata ba, ni ne."

"Baɗi za mu koma faranti. Ka dawo ƙofarka da bokitanka uku."

Tsohon ya dubi turken, igiyar na nan a ɗaure, tana kwance a ƙasa.

"Zan zo, in da rai. Amma biyu zan kawo. Na farkon, in ya cika, wa zan kai wa?"

Auta ta ɗauki bokitin farko ta wanke shi, ta kife shi a gefen turke. Har yau yana nan a kife.