Simintin da Kawu Ya Shekara Talatin Yana Cirewa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, magini ne, amma in ka tambayi 'yan layinmu wane gida ya gina, sai su hau sosa ƙeya. Bai gina ko ɗaya ba. Gida guda ya riƙe duk rayuwarsa, gidan da ya girmi kakansa: tsohon benen nan na jan bulo da ke kwanar titi, mai hawa uku da dogayen tagogi masu baka a sama.

Da la'asar, in rana ta karkato, gidan kan yi ja kamar garwashin da ya fara kwanciya. Bulon ba launi ɗaya ba ne, wani ya sha wuta ya yi duhu, wani ya fito fatsi-fatsi. Ina ƙarama Kawu kan ɗaga ni in shafa wani da ke gefen ƙofa, mai sawun kyanwa. "Ta taka shi yana ɗanye," in ji shi, "tun ba a haifi kowa a layin nan ba." Na daɗe ina leƙen tagogin bene ko zan hango ta.

Abin da ya ɗaure Kawu a gidan kuwa kuskurensa ne. Yana saurayi, yana ji da kansa, mai gidan, wadda muke kira Uwar Bene, ta ba shi gyaran bangon gabas. Mutanen da can sun haɗa bulon da kwaɓin farar ƙasa da yashi, mai laushin da ko farce kan karce shi. Kawu ya raina musu wayo. Ya ƙwaƙule kwaɓin, ya cike tsakanin bulon da siminti sumul, kowa ya ce hannu ya yi kyau. Bayan shekara goma fuskar bulon ta fara zubowa gari-gari. Danshin da a da yake fita ta kwaɓin ya rasa hanya, ya koma cin bulon.

"Gida yana numfashi, 'yar nan," ya taɓa ce mini. "Ni na toshe masa hanci, har aka tafa mini."

Tun daga nan ya hau cire simintinsa da cizal da 'yar guduma, layi-layi, a hankali don kada gefen bulo ya ɓalle. Wanda fuskarsa ta lalace sai ya zaro shi, ya juya bayansa waje, ya mayar. Mahaifiyata kan tsokane shi wai ya auri bango bai gayyace mu ba. Ya yi dariya ya ce ai amaryar ba ta da surutu.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Uwar Bene ta rasu, 'ya'yanta kuma suka ce in damina ta zo bai gama ba, za su sa a yaɓe bangon duka a shafa fenti, kowa ya huta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi kuwa sai ya koma aiki da yatsu, yana shafa bangon. Siminti sanyi gare shi da santsi, in ji shi, farar ƙasa kuwa tana da ɗumi. Nakan biyo bayan na tashi daga aiki in riƙe masa tsani, ina jin ƙwas-ƙwas ɗin gudumar a sama, ƙurar ja tana sauka a mayafina.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, ya sauko ya ce ya gama. Na duba, na ga saura taƙi guda na siminti daidai ƙirji, kusa da bulon kyanwa.

"Kawu, ka tsallake nan. Ba ka gan shi ba ne?"

Ya miƙa hannu ya ɗora a kai ba tare da lalube ba.

"Na san da shi. Wata rana wani saurayi zai zo da buhun simintinsa a ka, yana ji da kansa. Ki kawo shi nan ya shafa, ki ce masa ni ne na yi wannan."

Ya ba ni gudumar, ya kama hannuna muka tsallaka titi, yayyafi ya fara jiƙa bangon.