Littattafai Masu Warin Albasa

Jiya na buɗe wani tsohon littafi, sai warin albasa ya buge ni, na tuna da kawuna.

Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Madawa. Duk motar da za ta kai albasa ƙasashen bakin teku, sai ya tare direban: "Ka kawo min littahi, amma na ɗan ƙasar da ka sauka." Haka littattafan suke iso mana, cushe cikin buhunan da aka zazzage.

In kaka ta yi, yakan baje na shekarar bisa tabarma ya zaɓi gwaninsa. Wata shekara ya ɗaga wanda wata ɗiyar masunta ta rubuta.

Na ce, "Kawu, kai mi ka sani ga teku?"

Ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Amma ina zamne nan Adar ta sa ni jin gishiri ga bakina."

Da ya rasu, na ɗauka abin ya bi shi. Sai ga shi bana ɗiyar da na haifa ta tare wani direban albasa da kanta, ta ce ya kawo mata littafi.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Tabarmarka tana nan, kaka kuma ta kusa.