Garin Kunun Matan Attantane

Na yi shekaru ina koyar da ilimin abinci mai gina jiki a jami'a, kuma cikin duk waɗanda na yi aiki a ƙarƙashinsu babu wanda na raina kamar shugaban sashenmu na farko. Haifaffen Tasawa ne, da kuɗin ƙosan da uwarsa ke soyawa a bakin tasha ya yi lakwal, wato karatun boko, amma tun da ya dawo daga Turai Hausa ta zame masa ƙaiƙayi a baki.

Wata shekara bayan girbi aka ba mu furoje a ƙauyukan Mayahi, mu koya wa mata haɗa kunun yaye. Ni ce ƙarama a sashen, don haka ni ce tafinta. A Attantane mai gari ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, mata suka cika wurin da goyonsu. Furofesa, wanda suke kira mushe kamar kowane malamin lakwal, ya tsaya da kwat yana zuba Faransanci, ni ina juyawa: a jiƙa gero har ya tsiro, a shanya, a soya wake da gujiya, a niƙa tare.

Wata tsohuwa, ungozomar garin, ta bari ya gama sannan ta dube ni. "Ɗiyata, tambayi mushe, wake da ɓawonsa za a ba jinjiri? Ai cikinsa kumbura zai yi. Mu surfe shi muke yi, mu sheƙe, sannan mu zuba ɗan garin ƙwame na 'ya'yan kuka."

Ya ji sarai. Amma sai da ya jira na fassara masa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Gaya mata ba a turmi ake binciken kimiyya ba."

Ni dai na ce mata mushe ya gode.

Muna komawa ya sa ni gwada haɗin tsohuwar a ɗakin bincike, kamar dabara ce da ta faɗo masa a hanya. Wata da watanni ina awo. Nata ya fi nasa ta kowace fuska, yara ma sun fi karɓarsa. Takarda ta fito da sunansa a sama, nawa a baya, an raɗa wa garin wani dogon suna na Faransanci. Na roƙe shi a ambaci matan Attantane ko a layin godiya ne. Ya cire tabarau ya ce, "Karantawa za su yi?"

Ban ƙara tada maganar ba, don shi ne zai sa hannu a kan digirina. Har yau ban yafe wa kaina wannan shirun ba.

Da wannan takardar ya yi ta yawon taro ƙasa ƙasa har ya tsufa. Ranar da ya yi ritaya aka sha jawabai, wani har da kiransa gatan yaran karkara. Da aka ce in yi magana, tunda ni na gaji kujerarsa, na miƙe na ce mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci, na koma na zauna.