Kibiyar da ta nuna rijiyarmu

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu, aikina shi ne gano inda ƙazamin ruwan kwatar Jakara yake bi ta ƙarƙashin ƙasa. Na auna rijiyoyin unguwanni har na gaji, na zuba sakamakon a manhajar zana taswira, ita kuma ta fitar da kibau masu nuna inda ruwan ya nufa. Gidanmu na Koki yana cikin taswirar, har da rijiyar da kakana ya haƙa, wadda muka taso muna sha.

Da farko kibau suka fito da kawuna kamar faranti, suka rufe rabin birni. Na rage su, suka ƙanƙance har ba a ganinsu. Wannan duk wasa ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in na faɗaɗa taswirar a kwamfuta, kibiyar da ke kusa da mu sai ta nuna gidanmu. In na matse ta, sai ta kau da kai ta yi arewa. Ni da nake taƙama da boko a gida, sai ga ni ina ta ja ina saki, ban san wanne zan yarda da shi ba.

Bakina bai iya shiru ba, na faɗa wa mahaifiyata. Ta ajiye guga ta dube ni.

"To, mu sha ne ko kada mu sha?"

"Umma, ya danganta da faɗin hoton."

"Au, ruwan hotonka yake jira kafin ya san hanya?"



Wani abokina da ya fi ni sanin manhajar ne ya gano matsalar: tana miƙe taswira, amma ba ta karkata kibau tare da ita. Muka daidaita ma'aunin tsaye da na kwance, muka sa kibau su bi taswirar. Nan kibiyar ta tsaya cak, kuma gidanmu ta nuna. Gwajin ruwan rijiyar ma ya tabbatar ta gurɓace.

Har yau ban san ko murna na yi ba. Na gyara aikina, na ci jarrabawa, amma wallahi na so a ce amsar kuskuren ce gaskiya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da muka rufe bakin rijiyar da siminti. Umma ta daɗe a tsaye, sannan ta ce min a hankali:

"Ba za ka ƙara matse hoton ba, ko kibiyar ta juya?"